Ƙaryar da Ta Tashi Sama

"Tuƙin jirgin sama, Mubashir? Kai da ko kan rumbu aka ce ka hau sai ƙafafunka su kama rawa?"

Muhsina ce ke faɗa ƙasa-ƙasa a zauren gidansu da ke Gurbin Bore, don kada kakarta ta ji. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, Hajiya Tasalla ta naɗa kanta hisbar gidan. Duk saurayin da ya zo zance, tana gefe da carbinta da kunnuwanta. Yanzu ma alwala ce ta tashe ta.

"Wallahi suɓutar baki ce, sanyin idona," in ji Mubashir. "Hajiya ta tsare ni da ido, wai mi nika karatu... sai jirgi ya faɗo mini a baki!"

"Ba ka iya ce mata babanka Malam na son ka zama alƙali?"

"Ba ki ji ta ba? Ta ce ba ta ba alƙali jikarta, wai kullum fuska a ɗaure!"

Muhsina ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata.

Gaskiyar kuwa ita ce mahaifinsa, Malam Shehu na Kaura Namoda, ya riga ya nema masa gurbin karatun shari'a, don sababbin kotuna na neman alƙalai. Shi dai Mubashir bai taɓa cewa a'a ba. Bai kuma taɓa ganin jirgi kusa ba.

Kafin kasuwar Shinkafi ta sake ci, Hajiya ta baza labari har Zurmi: jikarta direban sama za ta aura.

Ana nan gero ya fara ido, sai tsuntsayen jan-baki suka sauko wa gonaki kamar hadari. Gwamnati ta turo ɗan ƙaramin jirgin feshi, ya sauka a wani fili bayan gari ranar da Mubashir ya zo zance. Gari ya fashe, har miyar kuka mata suka bari a kan wuta. Matuƙin, wani dattijo mai suna Kyaftin Maitama, ya ce yana son wanda zai hau ya nuna masa fadamar da tsuntsayen ke kwana.

Maza suka fara ja da baya.

"Ku ba ni hanya!" Hajiya Tasalla ce, ta riƙo hannun rigar Mubashir. "Kyaftin, ga abokin aikinka nan, surukina ne. Shi ma tuƙin yaka karatu!"

"Hajiya, ai... ai ban zo da kayan aiki ba..."

"Hau, ɗan nan, kada ka ba ni kunya gaban mutanen Zurmi!"

Ya waiga. Muhsina ta toshe baki da mayafi, idanunta sun cika, ba ya iya cewa na dariya ne ko na tsoro.

Ya hau. Kyaftin ya dubi yadda yake neman ɗaure bel ɗin kujera a wuya, ya yi murmushi. Da injin ya yi ruri Mubashir ya runtse ido, ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

"Malam direba," in ji Kyaftin, "in ba ka buɗe ido ba, wa zai nuna mini fadamar?"

Ya buɗe ɗaya. Sai ya buɗe ɗayan.

Ƙasa ta shimfiɗu kamar sabuwar tabarma. Ga gonakin gero kore shar, ga ruwan dam yana walƙiya, ga shanun Fulani kamar an watsa farin wake. Wani abu ya saki a ƙirjinsa, abin da bai ma san a ɗaure yake ba. Ya nuna wa Kyaftin fadamar.

"Kyaftin... ƙarya na yi. Ban san komai ba."

"Tun a ƙasa na sani. Ɗora hannunka nan, a hankali."

Mubashir ya taɓa sandar tuƙi. Jirgin ya ɗan karkata, ya amsa masa. Sai ga hawaye.

Da suka sauka, gaban Hajiya ya zube ya faɗi gaskiya duka. Tsohuwa ta ci gaba da jan carbi, jama'a sun zuba ido.

"To, ni dai na riga na gaya wa duniya," ta ce. "Ba ni komawa Zurmi in ce na yi ƙarya da furfurata. Ka tai ka maishe ta gaskiya, in kana son Muhsina."

Saura Malam Shehu. Mubashir ya kasa haɗa ido da shi, sai Hajiya da kanta ta hau motar Kaura ta same shi a zaure.

"Malam, yaron da ya yi ƙarya don mace, shi za ka ɗora kan kujerar alƙali?"

Malam ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya dubi ɗansa.

"Har cikin ranka kana son abin nan?"

"Baba, ban taɓa son wani abu haka ba... in ka cire Muhsina."

"Marar kunya! Tashi ka ba ni wuri. Allah ya yi maka albarka."

Bayan girbi aka ɗaura aure, bai daɗe ba takardar makarantar tuƙin jirgi ta Zariya ta fito. Ranar tafiya Muhsina ta rako shi tashar Kaura, tana kuka tana gyara masa hula.

"Ki daina, abar ƙaunata, ko in fasa."

"Ka fasa, Hajiya ta kashe mu duka?" Ta share ido, ta yi dariya. "Ka tafi. Ka tashi duk inda kake so, Mubashir... amma gurina za ka riƙa sauka."