Tudun da Ba a Takawa

A shingen da ake tsaga wa 'ya'yan bareyi kunne Heika ya fara ganin Risten. Ya iso daga birnin Tromso da jaka cike da wayoyi, ita kuma tana durƙushe a kan ɗan barewa, tana yanka masa alamar gidansu.

"Kai mai tabarau, ko ka riƙe ƙafar nan ko ka matsa," ta ce.

Ya riƙe. Ɗan barewar ya shure shi a gwiwa. Risten ta yi dariya, daga ranar ta raɗa masa Malam Taswira, saboda aikin da ya kawo shi.

Shi ma ɗan Sami ne, ƙabilar makiyayan bareyi ta ƙasar ƙanƙara, amma tashin birni. Yana digirin digirgir a kan yadda muryar makiyaya za ta kai kunnen hukuma. Ya ƙera manhajar da ke zana duk inda makiyayi ya bi, don kada wani ya sake cewa dajin ba mai amfani da shi. Risten ce ta bi gida-gida har kowa ya sa ta a wayarsa. Kafin sanyi ya shigo, saƙonninsu sun daina zama na aiki.

"'Yar tsauni, na ga ɗigonki a taswira ya tsaya a bakin kogi. Lafiya?"

"Gahawa nake sha. Ka daina leƙena, ka zo da ƙafarka."

Da ƙafarsa ya zo, tare da kawunsa. Kawun ya yi wa Ovla, mahaifin Risten, tambayar da masu neman aure ke yi: ko za a bar yaron ya ɗora gahawa a murhun gidan?

"Mun sha," in ji Ovla. Ransa na kan Jovsset, ɗan maƙwabta, wanda ya tashi a bayan garke.

Ana cikin haka wani kamfani ya nemi izinin kafa injinan iska masu ba da lantarki a tudun da bareyi ke haihuwa. Hujjarsa taswirar Heika ce, wadda ya sa a intanet kamar yadda masu ɗaukar nauyin bincikensa suka sharɗanta. Ko'ina layuka ne birjik, sai tudun nan fari fat. Dalilin kuwa kowane makiyayi ya san shi: lokacin haihuwa ba a takawa can, don uwa idan ta firgita tana gudu ta bar ɗanta. Ba wayar da ta taɓa hawa wurin.

Jovsset ya baza labari cewa sayar da taswirar aka yi. Risten ta aika saƙo.

"Ni na roƙi mutanena su yarda da kai. Nawa aka ba ka?"

"Ko sisi, 'yar tsauni. Amma laifina ne. Na tambayi kowa shi kaɗai, ban tambaye ku a taro ba. Ki zo zaman majalisar gari."



Malamarsa ta jami'a ta gargaɗe shi cewa idan ya janye taswirar, tallafin zai tsaya, digirin kuma sai wata shekarar. Ya ce ya ji.

Ranar zaman, zauren ya cika. Heika ya haska taswirar a bango.

"Ni na yi ta," ya ce. "Tana nuna inda mutum ya taka, ba ta nuna inda ya hana kansa takawa. Wannan farin wurin ya fi duk layukan nan daraja. Daga yau na cire ta daga intanet. Mabuɗinta na hannun taron makiyaya. Wanda yake son gani, su zai tambaya, har da ni."

Lauyan kamfanin ya ce sun riga sun adana kwafi.

"Ku adana. Duk kotun da kuka kai ta, zan je in ce ba ta faɗi abin da kuke so ba."

Majalisar ta ɗage maganar, ta ce sai an ji daga bakin makiyaya. Tallafin Heika ya tsaya. Ya kama koyarwa a makarantar garin.

A bakin zauren Risten ta tare shi.

"Malam Taswira, yanzu ba digiri, ba taswira. Me ya rage maka?"

"Gwiwar da ɗan barewarki ya shura. Da ke, in kin yarda."

"Ni na yarda tuntuni. Ka yi haƙuri da abin da na rubuto. Saura Baba."

Bayan wata guda ya koma da kawunsa. Kawun ya maimaita tambayar. Ovla ya daɗe yana goga wuƙarsa.

"Da bazara, idan matarka ta ce ku je ku ga 'ya'yan bareyi a tudun, me za ka ce?"

"Zan ce mu jira su sauko, Baba."

Ovla ya tura masa butar gahawa da ƙafa. "Kada ka tsinka ta. Mutanen birni ruwa suke sha da sunan gahawa."

An ɗaura auren a coci lokacin Ista, ƙanƙara ba ta narke ba tukuna. Jovsset ma ya zo, ya ci nama fiye da kowa. Ovla ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai sanin inda ake tsayawa."

Risten ta zare wayar daga aljihun mijinta, ta kashe.

"Yau ma ba mai ganin ɗigonmu," ta ce.