Gaurakar Gwaggo Marka

Da hantsi Gwaggo Marka mai ƙuli-ƙuli ta faɗo ofishin 'yan sanda na Gwarzo, mayafi a karkace.

"Sufeto, an sace mini hotona na Japan."

Sufeto Ja'afar ya san hoton. Wa bai san shi ba? Dakta Juwairiyya, 'yar Kutama da ta yi karatu a Japan, ita ta zo da su: zanen gauraka a bakin ruwa, bugun katako a kan takarda mai laushi. Duk wanda ya taimaka wa ginin ɗakin haihuwa na Kutama, ta ba shi ɗaya na godiya. Kan ka ce me, hoto ya zama shaida. Zauren da babu shi, an san hannun maigidan a dunƙule yake. Ita Gwaggo akuyarta tilo ta bayar.

A zaurenta Sufeto ya tarar da ƙusoshi huɗu, bango wayam.

"Wa ya shigo jiya?"

"Masu sayen mai. Sai Alhaji Tasi'u mai neman kansila, ya zo gaisuwar ƙuri'a."

"Naki yana da alama?"

Ta rage murya. "Malam ya ce ba a rataye hoton abu mai rai. Ni kuwa ba zan ɓoye abina ba. Sai na yanka gaurakar da kwalli, na ja mata layi a wuya."

Sufeto ya danne dariya, ya wuce wajen Dakta.

"Alhaji Tasi'u ya bayar da wani abu?"

"Alƙawari ya bayar, ranka ya daɗe. Amma kwamitin ginin ma sun raba wasu hotunan, ba zan rantse ba."

Ta nuna masa nata. Wuyan gauraka sumul, babu ko ɗigo.

Gidan Alhaji yana hanyar Kabo, zaure cike da 'yan siyasa. Ga gauraka can sama, an sa mata gilashi har da fulawar roba.

"Alhaji, ka sha albarka. Ashe ka bayar."

"A ɓoye na bayar, Sufeto. Ba na son riya."

"Shi ya sa ka rataye shi saitin ƙofa. Wannan baƙin layi a wuya fa?"

"Haka Japanawa suke zana shi. Ai ka san su da fasaha."

Sufeto ya sauke hoton, ya zare gilashin. Ƙamshin man gyaɗa ya bugi hanci. Ya goga ɗan yatsa a wuyan, ya ɗaga shi baƙi ƙirin.

"Japanawan nan da kwallin kasuwar Gwarzo suke aiki?"

Alhaji ya cire hula, ya mayar.

"Ko'ina na je kamfe sai mata su ce, ina hotonka? Gwaggo ta shiga ɗauko mini ruwa, na naɗe shi a babbar riga."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya tasa shi gaba zuwa mota. Gwaggo Marka, da ta biyo su a kan acaɓa, tana tsaye a ƙofa, ta rungume hotonta yadda duk layin zai gani.

"Alhaji," in ji ta, "in an sallamo ka, ɗakin haihuwar bai samu rufi ba tukuna. Kwano ake nema."