Kwana Biyun da Baba Ya Nema

Da rana tsaka Kumurci da Shiru suka faɗa kantin zinare, bindigogi tsirara.

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai, sai dai uwarsa ta haifi wani!"

Kumurci ne oga, gajere mai faɗin ƙirji da girman kai. Shiru kuwa sunansa ya bi shi, yakan wuni bai ce uffan ba. A bakin titi direbansu Auta na zaune cikin jar mota, inji a kunne, gumi na bin ƙeyarsa. Wallahi ba 'yan sanda yake tsoro ba. Giyar motar yake tsoro, sai kuma abu guda da ya fi wannan: kada mahaifinsa ya san sana'arsa.

Jiya da hantsi motar ta fara rashin mutunci. Ka taka totur, inji ya yi ta kururuwa, taya kuwa ko a jikinta, sai can ta fizga kamar an tsikare ta. Dole Auta ya kai su garejin mahaifinsa, tsohon bakaniken da babu kamarsa a gyaran giya. A sanin Baba, ɗansa direban wani ɗan kasuwa ne. Don haka Kumurci ya zura babbar riga, ya zama ɗan kasuwar.

Baba bai yi gaggawa ba, dama ba ya yi. Ya bar injin ya ɗau zafi, ya zaro sandar awon man giya, ya goga ta a farar takarda. Man da ya kamata ya zama ja ya fito baƙi ƙirin, da ɓurɓushin ƙarfe a ciki. Ya shinshina, ya yatsine fuska, ya ce ƙauri yake yi. Sannan ya hau gadar sama ta bayan kasuwa da motar sau biyu, ya dawo yana girgiza kai.

Ya ce faya-fayan kuloci ne suka cinye. Sai an sauke akwatin giyar, a canza su, a canza filta, a zuba sabon mai.

"Ranka ya daɗe, bar min ita kwana biyu. Da sanyi za ta yi maka ƙarya, ka ce ta warke. In ta yi zafi, ko tudun tururuwa ba za ta hau ba."

Ina! Kumurci ya san gobe ne kayan kantin ke sauka. Ya ce a ƙara mata mai kawai, shi ba ya son dogon bayani. Yana fita ya ga wata tsohuwar akori-kurar 'yan sanda a kan rami, an zazzage mata ciki. Ya kwashe da dariya, ya ce wannan ai ko akuya mai ciki ba za ta kamo ba. Baba dai ya ce layi take bi, yau zai gama ta. Ya ja Auta gefe, ya gyara masa wuyan riga, ya ce ya riƙe amanar uban gidansa, kuma kada ya bar motar a kunne tana tsaye.

To, yau ga ta a kunne tana tsaye, don Kumurci ya rantse duk wanda ya kashe inji zai kashe shi. Aikin minti biyar aka tsara. Amma mai kantin, wani dattijo, ya rasa wane makulli ne na akwatin ƙarfe a cikin damin makullansa. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, yana ta ba su haƙuri kamar baƙinsa. Matar da ke shara kuwa tana kwance bayan kanta, waya a ƙarƙashin haɓa, ta riga ta raɗa wa ofishin 'yan sanda komai.

Minti ashirin da biyar! Auta ya fara jin ƙaurin nan ta tagar mota.

Suka fito a guje, jaka a kafaɗar Kumurci.

"Ci taya, Auta!"

Motar ta tashi lafiya, 'yar albarka. Suka sha kwanar farko — suka sha ta biyu — sai ga jiniya a baya! Auta ya ce su bi titin ƙasa kada su hau gada, Kumurci ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya ya ce gada ta fi kusa.

A tsakiyar hawan gadar motar ta yi abin da Baba ya faɗa. Auta ya take totur har ƙasa. Inji ya ƙwala ihu — allurar mita ta haye jan layi — mota ta tsaya cak! Sai ma ta fara silalowa baya a hankali.

Ta madubi Auta ya hango mai bin su. Tsohuwar akori-kurar nan ce, tana cin tudu tana canza giya sumul, ko tari babu.

Kumurci bai yi shawara da kowa ba. Ya buɗe ƙofa, ya hankaɗa Shiru cikin titi don ya tare musu hanya, ya rungume jaka ya haye ƙarfen gada ya dira. Ya ɗauka yashi ne a ƙasa, ashe kankare ne. Shiru ya ɗaga hannu sama, karo na farko aka ji muryarsa, yana kiran innarsa. Auta ya ja birkin hannu, ya kashe inji, ya kifa kai a sitiyari.

Kumurci bai kai asibiti ba. Zinare ya koma kantinsa, ko ɗan kunne bai ɓata ba.

Da yamma akori-kurar ta biyo ta gaban gareji, tana jaye da jar motar. Sajan ɗin da ke cikinta ne ya ce a tsaya, don shi mutum ne mai godiya. Ya leƙo ta taga yana fara'a.

"Baba, Allah ya yi wa hannunka albarka. Ba don gyaranka ba, da ɓarayin nan sun sha."

Baba ya fito yana goge hannu da tsumma, yana murmushi. Ya ga jar motar, murmushin ya tsaya. Ya zagaya baya a hankali. Auta na zaune a bayan akori-kurar da ankwa, kansa a ƙasa, ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya miƙa hannu ya gyara masa wuyan riga.

"Kwana biyu kawai na roƙa, Auta."

Sajan ya daina dariya. Akori-kurar ta ja, Baba na tsaye a bakin titi da tsummansa, yana jin yadda take shiga giya ɗaya bayan ɗaya, ba ta zame ko sau ɗaya ba.