Gidan Da Agogo Suka Yi Shiru

"Tashi ki haɗa kayanki, Auta! Yau ƙafata ƙafarki!"

Yaya ne, babban wanta, tsaye a tsakiyar falo, makullin mota a hannunsa, ko zama ya ƙi yi. Auta ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta.

Agogo goma sha ɗaya ne a bangon falon nan, domin mijinta mai gyaran agogo ne. Akwai mai siffar jirgin ruwa, akwai wanda ɗan tsuntsu ke leƙowa daga cikinsa, akwai wani dogo mai lilo da ya gada wurin kakansa. Amma duk sun yi tsit. Wata takwas ke nan babu mai motsi a cikinsu.

Wata takwas da suka wuce, suna dawowa daga asibiti da Umma, mahaifiyarsu Auta, tirela ta yanko musu hanya. Mijin ne ke tuƙi, Auta na gefensa, Umma na baya. Umma ba ta fita da rai ba. Shi kuma ya rasa yatsu biyu na hannun dama. Auta ko ƙwarzane ba ta samu a fuska ba, sai dai ta fito da wata ƙara a kunnenta: siginar motar da ta ci gaba da ƙyas... ƙyas... bayan kowa ya yi shiru. Tun daga ranar, in ta ji bugun agogo sai jikinta ya ɗauki rawa, numfashi ya ƙwace mata. Shi ya sa mijin ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsayar.

"Yaya, don Allah ka zauna..."

"In zauna a gidan wanda ya kashe mana uwa? Ba ke kika faɗa da bakinki a gadon asibiti ba? Kika ce kin ga ya saki sitiyari!"

Gaskiya ne, ta faɗa. Har yau hoton da ke tsaye a idonta ke nan: hannunsa yana barin sitiyari. Daga nan sai duhu. Shi ya sa ba ta iya kallon hannun. Shi ma ya lura, kullum yana cikin aljihu, abinci ma sai ya juya mata baya yake ci.

"Ina sonsa, Yaya," ta faɗa a hankali.

"So? Dubi yadda kika koma kamar tsinke! Umma ta bar min amanarki."

"Ka bari in gama ganin Likita."

"Wacce? Mai kaɗa miki yatsa kamar tana kiran kyanwa?" Ya yi tsaki. "Zuwa ƙarshen wata. In na dawo na same ki haka, wallahi sai ya ba ki takardarki."

A bayan labulen ɗaki ta hango ƙafafun mijinta. Ya ji komai, bai fito ba.

Ɗakin Likita, mai duba masu fama da firgici, ƙarami ne: kujeru biyu, tulun fure da ya kusa bushewa, da taga mai kallon wata bishiya. Makonni da dama Likita ba ta taɓa zancen haɗarin ba. Sai da ta koya wa Auta yadda za ta saisaita numfashi, da yadda za ta koma wani wuri mai sanyi a cikin ranta in abin ya yi nauyi. Auta ta zaɓi cinyar Umma, lokacin da take mata kitso. Bayan haka ne suka fara aikin yatsu.

Ranar nan Likita ta matso da kujerarta.

"Ɗauko hoton, ƙanwata. Kar ki kore shi, kar ki riƙe shi. Kanki ya tsaya cak, ido kawai zai bi yatsuna. In ya yi yawa ki ɗaga hannu, mu tsaya."

Yatsu biyu suka fara tafiya. Hagu, dama. Hagu, dama.

Ga titin. Ga ƙaton gaban tirelar. Ga hannun yana barin sitiyari.

"Ja numfashi. Me ya zo?"

"Hannunsa... ya saki... ya saki, Likita!"

"To. Bi shi."

Hagu, dama. Hagu, dama. Hawaye na zuba amma idon bai daina bi ba. Sau huɗu suna tsayawa suna komawa. A na biyar, hoton da ya yi wata takwas a daskare ya motsa. Hannun bai faɗi ƙasa ba. Wajenta ya nufo. Duhun da take gani ba suma ba ne. Tafin hannu ne, mai ɗumi, mai warin man agogo, ya rufe mata fuska daidai lokacin da gilashi ya tarwatse.

"Wayyo Allah..." Ta dafe kumatunta masu santsi, waɗanda ko tabo babu. "Likita, ke kika sa min wannan?"

"Ni yatsu kawai na kaɗa. In kina son tabbaci, akwai wanda yake wurin tare da ke. Tambaye shi."

Ta same shi da yamma a teburin aikinsa, yana fama da wani ɗan ƙaramin noti da yatsu uku. Yana jin motsinta ya tura hannun aljihu.

"Fito da shi."

"Haskena, bari kawai..."

"Na ce ka fito da shi!"

Ya fito da shi a hankali kamar mai laifi. Ta kama, ta juya. Duk tabon a bayan hannun yake. Tafin lafiya lau. Ta ɗaga shi ta ɗora a kan fuskarta, ya rufe ta daga goshi zuwa haɓa, sai ɗan haske da ke shigowa ta gurbin yatsun nan biyu.

Ya fashe da kuka irin na manya, marar sauti.

"Tirelar ta riga ta iso," ya ce. "Babu inda zan kauce. Hannun ne ya tafi da kansa."

"Ka ji na ce ka saki sitiyari. Ka ji Yaya na kiranka mai kisa. Wata takwas! Me ya hana ka magana?"

"Na san halinki. In na ce don ke na saki, za ki ce ke kika kashe Umma. Gara ki tsane ni da ki tsani kanki."

Ta durƙushe a gabansa, ta kifa kai a gwiwarsa. "Ka yafe min, masoyina... ka yafe min."

"Ban taɓa riƙe ki ba, balle in yafe."

Ba a ranar ta warke ba. Ta ci gaba da zuwa wurin Likita, har ta ja shi ma ya fara zuwa, domin ta gane shi ma akwai nasa hoton da ya daskare.

Ƙarshen wata Yaya ya zo da safe, ya bar mota a kunne. Auta ta tarbe shi a falo, hannunta cikin hannun mijinta, na daman. Ta ba shi labari tun daga farko. Ta juya masa bayan hannun ya gani, sannan ta nuna masa fuskarta.

Yaya ya daɗe yana kallon su biyun.

Sai ta saki hannun, ta nufi dogon agogon kaka. Ta buɗe murfin, ta murɗa makullinsa, ta tura lilon da yatsa.

Ƙyas... ƙyas...

Gabanta ya faɗi. Ta ja numfashi kamar yadda aka koya mata, ta bi lilon da ido, hagu, dama, har ƙarar ta koma abin da take tun asali: agogo ne kawai yake aikinsa.

Yaya ya fita. Suka ji ya kashe motar. Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Ya kwance agogon hannunsa, ya miƙa wa surukinsa ba tare da ya kalle shi ba.

"Malam, duba min wannan. Kwana biyu yana min latti."

Ya karɓa da yatsu uku. "Zai ɗan ɗauki lokaci, Yaya. Hannun ba kamar da ba."

Yaya ya ja kujera ya zauna.

"Ba sauri nake ba," ya ce.