Turbar da Hauwa Ba Ta Taɓa Takawa Ba

Ran da aka kai Inna Mero makwancinta, Hauwa ko makara ba ta gani ba. Tana zaune a ɗaka cikin takaba, ruwa bai gama janyewa daga tsakar gida ba, jaririyarta Hadiza na goye da zazzaɓi, sai ta ji muryar Delu, 'yar marigayiyar, ta bayan katanga: "Hauwa, kin kashe mini uwa... Allah ya isa tsakanina da ke!" Hauwa ta miƙe, ta koma ta zauna a kan tabarmar da ke jiƙe. Inna Mero maƙwabciyarta ce, ita ta karɓe ta ran da aka kawo ta unguwar Kusfa daga ƙauye, marainiya ba uwa ba uba. Ita ta koya mata dafa sabulun salo, ita kuma ta yanke wa Hadiza cibiya.

Ga yadda abin ya faro. A ranin 1977 hukuma ta gina turba da kuɗin jama'a a kan kududdufin da ke bayan unguwar, domin masu zuwa kasuwa da 'yan makaranta su huta da dogon zagaye. Aka zuba marmara, kududdufin ya rabu biyu, aka ce an shimfiɗa kwalbati a ƙasa don ruwa ya riƙa wucewa. Bahago, wan mijin Hauwa, shi ne shugaban leburori a wajen aikin. Mijinta Dogara yana cikin masu haƙar marmara, rami ya rufta da shi tun aiki bai ƙare ba. Daga ranar Hauwa ta shiga takaba. Shi kuwa Bahago shekarar ta karɓe shi, har ya haƙa sabuwar rijiya a ƙofar gidansa, ɗaurarriya da siminti tun daga baki har ƙasa, unguwa na ɗiba tana sa masa albarka.

A watan Agusta aka yi ruwa tun azahar har bayan la'asar. Kududdufin ya cika ta ɓangare guda, ya rasa mafita, ya juyo cikin gidaje. Katangun ƙasa suka jiƙa suka zube, ɗakin Inna Mero ya faɗo mata tana kan buzun salla. Washegari aka ga toka jibge a bakin kwalbati. Bahago ya tsaya gaban mai unguwa ya ce da idonsa ya sha ganin matar ƙaninsa tana saɓo tokar sabulu da sassafe tana juyewa a wurin. Maganar ta zama laifi biyu: ta toshe hanyar ruwa, ta kuma karya takaba.

Ba wanda ya tambayi Hauwa. Masu karɓar sabulunta suka ɗauke ƙafa. Aka hana yaran unguwa ɗebo mata ruwa daga rijiyar Bahago, sai ta koma tarar na indararo. Nono ya ƙafe, Hadiza ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Rannan Bahago ya leƙo daga zaure, ko sallama bai yi ba.

"Ran da kika fita takaba, ki tattara komatsanki. Yarinya kuwa jininmu ce, a nan za ta zauna."

"Yaya, ka ji tsoron Allah... Tun da aka fita da gawar marigayi ban taka dokin ƙofar nan ba. Ina zan je? Wa gare ni?"

"Wa gare ki? Ai da kin tambayi kanki kafin ki rushe unguwa."

Ta rungume 'yarta, hawaye na sauka a kan yarinyar, ta ce, "Ya Allah, kai ne shaidata, ba ni da wani."

Bayan mako biyu hukuma ta turo kwamiti ya duba abin da turbar ta jawo wa unguwa da mutanenta. Suka zauna a zauren mai unguwa, suka saurari magidanta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yaba turba, kowa ya maimaita abin da ya ji daga bakin Bahago. Da yake maza ba sa shiga gidan matan aure, ba a ji ta bakin mace ko ɗaya ba, kuma ba wanda ya ga rashin hakan. Shugaban kwamitin har ya fara naɗe takardunsa, sai mace ɗaya tilo da ke cikinsu, Malama Mildred, ma'aikaciyar kiwon lafiya daga Wusasa, ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, ita matar da ake ta ambato, tana ina?"

"Tana takaba, Malama," in ji mai unguwa. "Wan mijinta ya yi magana a madadinta."

"Mai ƙara ne ya tsaya wa wadda ake ƙara? To, ni dai ba a hana ni shiga ba."

Ta tarar da Hauwa zaune a bakin murhun da ya kwana biyu bai ga wuta ba. Suka gaisa, ta yi mata ta'aziyya, ta karɓi jaririyar ta duba idonta. Sannan ta tambaya a hankali, "Baiwar Allah, ina kike zubar da tokarki?" Hauwa ta miƙe ta kai ta bayan ɗaki. A can toka take, tsibi guda har ya kusa kai tsawon mutum, ta ƙasa ta daskare ta yi baƙi, ta sama fara. A gefensa kabewa ta tsiro, ta yaɗu, ta haye katanga, har ta ɗaura 'ya'ya.

"Da, juji nake kaiwa," in ji Hauwa. "Da na shiga takaba ba mai fitar mini, sai nake tarawa. Ita turbar ma, Malama, wallahi ban san kamanninta ba... labarinta kawai nake ji."

Malama Mildred ta daɗe tana kallon kabewar. Ta fito ta faɗa wa kwamiti abin da ta gani, ta ce idan tokar wata huɗu tana cikin gida, to a je a ga abin da ke cikin kwalbati. Bahago ya yi dariya ya ce aikin gwamnati ba wasan mata ba ne. Mai unguwa ya dube shi, ya sa aka kawo doguwar gora.

Aka share tokar da ke bakin, aka zura gorar. Ba ta shige kamu biyu ba ta tsaya cik. Aka zagaya ɗaya bakin, haka nan. Shugaban kwamitin ya sa leburori su sa diga a tsakiyar turba. Suka yi ta haƙa jama'a na tsaye, har suka kai ga laka. Babu kwalbati. Guda ɗaya aka dasa a wannan baki, guda a wancan, tsakaninsu marmara ce zalla. Can wani dattijo ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un... To sauran suna ina?" Mutane dai suka juya ɗaya bayan ɗaya, suna duban ƙofar gidan Bahago, inda wasu 'yan mata ke jan guga a sabuwar rijiya.

Aka leƙa. Kwalbatocin ne aka jera a tsaye, ɗaya kan ɗaya, da jan fentin hukuma a jikinsu. Duk unguwa ta sha ruwan rijiyar nan. Da shi aka yi wa Inna Mero wankan gawa.

Delu ta yanke jiki ta faɗi. Bahago ya ce ai aro ya yi, ya yi niyyar mayarwa bayan damina. Mai unguwa ya ce, "Ita ma Mero bayan damina za ka mayar da ita?" Kafin magariba 'yan sanda suka tafi da shi, kotu ta ɗaure shi daga baya. Aka ciro kwalbatocin aka shimfiɗa su inda ya kamata tun farko, rijiyar ta rufta a ruwan da ya biyo baya. Alƙali ya tabbatar wa Hauwa da 'yarta gidan Dogara. Kwamiti kuma ya rubuta cewa duk aikin da za a sake dubawa a cikin birni, sai an tura mace ta shiga gidaje.

Da yammar ranar da aka haƙa turbar Delu ta shigo, ta durƙusa a cikin laka, ta kama ƙafar Hauwa. "Na ja miki Allah ya isa a kan ƙarya... Da wane ido zan dube ki?" Hauwa ta ɗago ta, su biyun suna kuka. "Tashi, Delu. Uwa ɗaya muka rasa."

Ran da takaba ta cika, Hauwa ta yi wanka, ta goya Hadiza wadda ta fara mayar da jiki, ta tsinko kabewa mafi girma ta ɗora a ka, za ta kai wa Malama Mildred Wusasa. Delu ta ce za ta raka ta. Magidantan da ke zaune a ƙofar masallaci suka sunkuyar da kai da ta wuce. A bakin kududdufi ta tsaya, ta dubi jar hanyar da ta ci mata miji, ta ci Inna Mero, ta kusa raba ta da 'yarta. Ruwa na wucewa ta ƙarƙashi a hankali.

"Ashe wannan ce," ta ce.

Ta yi bisimilla, ta taka.