Ruwan da Ke Bayan Itatuwa

A shekarar 1978 Almu, ɗan maharbi, ya rako maigidansa London ganin likitan ido. A ɗakin jira na wani asibiti a Marylebone akwai zanen daji a rataye. Kullum nan yake tsayawa, hancinsa kamar ya taɓa.

"Malam, bangon za ka shiga?" in ji Hansai, ɗalibar aikin nas, tana danne dariya.

"Ranki ya daɗe, wanda ya yi wannan bai san daji ba. Ina aka taɓa ganin itace shuɗi? Duk ɗige-ɗige ne."

"Ja da baya, taku biyar."

Ya ja. Sai ga daji ya miƙe, da inuwarsa da sanyinsa.

"Ashe la'asar ce," in ji shi. "Kuma akwai ruwa a bayan itatuwan can."

"Ina ka ga ruwa?"

"Sai gobe, in Allah ya kai mu."

Haka ya riƙa gutsura mata dajin kaɗan-kaɗan, ita kuma tana dawowa da sabuwar tambaya. Rannan ta miƙa masa takarda:

"Maharbina, Baba ya ce wanda ya tsaya a aji huɗu na firamare ba sa'ana ba ne, ɗan amininsa mai digiri ya fi. Amma su biyun suna London, za su zo asibitin nan ranar Juma'a. Kada ka gudu. Taka, Hansai."

Sau uku ya haɗa baƙaƙen. Ranar Asabar jirginsu zai tashi.

Mahaifin nata, Malam Nata'ala, ya yi shekara ashirin a aikin gandun daji. Da aka sauko masallaci ya tsayar da samarin biyu a gaban zanen. "Me kuka gani?"

Mai digiri ya zuba Turanci a kan masu zanen Faransa.

Almu ya durƙusa. "Baba, ni dai rafi na gani. Ganyen hagu ya fi duhu, itatuwan sun cunkushe, ƙasa ta gangara. Mai zanen ɓoye shi ya yi."

Dattijon ya ja da baya, ya daɗe yana kallo. "Haka ne kuwa. Yaro, ka turo magabatanka."

Bayan wata shida aka ɗaura aure a Kano, iyaye suka yi ta sa albarka.

"To, Maharbina," in ji amarya, "har yanzu babu itace shuɗi?"

"Akwai, haskena. Ni dai kada ki sake cewa in ja da baya."