Sai Madubi Ya Huce

Wata biyu bayan rasuwar mai gyaran agogo, ana gab da magariba, tsakuwa ta fara sauka a saman benensu. Ɗaya. Shiru. Sai wata. Matarsa ta ce yaran unguwa ne, ko da yake yaran unguwar ba a san su da irin wannan haƙurin ba.

Marigayin ya bar mata 'ya ɗaya da madubin hangen taurari da ya ƙera da hannunsa, shekara tara yana gugar gilashin. Kullum da yamma yakan hau da shi sama, ya cire murfin, ya koma gefe ya tsaya rabin awa. "Sai madubi ya huce," in ji shi, wai ɗumin ɗaki yana dagula gani. Ita ba ta taɓa leƙawa ba, don abincinta ma tare da madubin yake hucewa. Da ya rasu ta kulle madubin a ɗaki, ta ce wa mai sayen gwangwan ya zo ya ɗauka ranar Asabar.

Ana gobe zai zo, 'yar ta yanke jiki ta faɗi, ta farka da muryar da ba tata ba. Aka kira malam. Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Kai wane ne?"

"Maƙwabci."

"Me yarinyar ta yi maka?"

"Ba komai. A ƙofar da nake kuka na same ta tana yi." Muryar ta yi ƙasa. "Malam, ka san an hana mu hawa sama, da wuta ake korar mu. Mahaifinta ne ya sauko mini da ita cikin bututun madubinsa. Rabin awar da yake tsayawa gefe, nawa ne."

"To, fita."

"A hau da madubin sau ɗaya, in yi sallama."

Daga baya likita ya ce baƙin ciki ne kawai. Wataƙila. Tsakuwar dai ba a kai ta asibiti ba.

Uwar da kanta ta hau da madubin, ta cire murfin, ta tsaya inda mijinta yake tsayawa. Can 'yar ta ce, da muryarta, "Mama, ya huce."

Ta sa ido. Duhu kawai.

"Ina taurarin?"

"Baba ne ya san inda ake saitawa."

Uwar ba ta ɗaga kanta daga madubin ba.